Baftismar Direba

Ranar da likita ya ce ta ɗauki mijinta ta koma da shi gida, Mai Wanki ba ta yi kuka ba. Shekararta goma sha shida tana aiki a sashen wanki na asibitin, ta san abin da ake nufi idan aka sallami mutum cikinsa a kumbure, idanunsa sun yi ruwan ɗorawa. Likitan ya ja ta gefe ya ce hanta ta gama aiki, abin da ya rage sati uku ne ko huɗu, in an yi sa'a shida. Ta yi masa godiya, ta koma ta tattara kofi da tawul da silifas ta zuba a jaka.

A cikin tasi mijin nata ya dubi fuskarta ya gane. Ya ce mata injin ya buga, kada ta wahalar da kanta neman wani bakanike. Har yanzu Direba kowa ke kiransa, ko da yake shekara goma sha ɗaya ke nan rabonsa da sitiyari.

Tifa yake tuƙawa a da, yana ɗibar yashi. Wata Asabar da la'asar ya sha ya yi tatul, ya shawo kwanar layin cocin Baftis da gudu, ya bi ta kan Kafinta wanda ke tura keke ɗauke da katako. Kafinta ɗan wannan coci ne, shi ya ƙera bencinan da ake zama a kai. Ya mutu ya bar matarsa Malama da 'ya'ya uku. A lokacin Mai Wanki tana cikin mawaƙan cocin, layi ɗaya suke tsayawa da Malama. Kotu ta ba Direba shekara bakwai. Tun daga ranar jana'iza Mai Wanki ba ta sake taka cocin ba, ko layin ta daina bi, gara ta zagaya ta bayan kasuwa ta ƙara tafiyar minti ashirin. A gidan yari Direba ya bar giya, ya kama karanta Littafi Mai Tsarki, ya fito wani mutum mai sanyi, amma giyar ta riga ta gama ɓarnarta a ciki.

Kwana uku da dawowarsu, tana goge masa baya da ruwan ɗumi, ya ce yana so a yi masa baftisma kafin ya tafi. Ta ji daɗi har cikin ranta, ta ce gobe za ta nemo fasto. Sai ya ce ba kowane fasto ba, a can yake so, cocin su Kafinta.

Tsumman ya faɗi daga hannunta. Ta tambaye shi ko ciwon ne ya fara taɓa masa kai. Ta ce coci ya ƙare ne a garin da zai zaɓi inda matar da ya mayar gwauruwa ke zama kowace Lahadi? Ta yi faɗa, ta yi lallashi. Shi dai ya juya fuskarsa bango.

Ba ta bi maganarsa ba. Washegari da ta tashi aiki, hannuwanta na warin sinadarin wanki, ta shiga wani babban coci kusa da asibiti. Sakatariyar ta karɓe ta da fara'a, ta miƙo mata takarda, ta ce akwai ajin masu neman baftisma na wata shida, sabon aji zai fara wata mai zuwa. Mai Wanki ta ce mutumin ba shi da wata shida. Sakatariyar ta yi mata jaje da gaske, ta ce amma tsarinsu ke nan. A coci na biyu ta yi zuwa uku kafin ta sami faston. Mutumin kirki ne, ya ce zai zo har gida da ruwa a kofi ya yayyafa masa a ka. Ta dawo da saurinta kamar wadda ta yi tsintuwa.

Direba ya saurare ta, ya yi 'yar dariyar da ta sa shi tari.

"Uwar yara, ke fa mai wanki ce. In aka kawo miki zanen gadon da ya yi dauɗa tun daga sama har ƙasa, yayyafi kike yi masa?"

Ta ce ba lokacin wasa ba ne. Ya ce shi ma ba wasa yake ba. Ya san ba yawan ruwa ke wanke mutum ba, amma a kotu lauya ne ya yi magana a madadinsa, ya kuma koya masa ya ce birki ne ya tsinke. Mutanen cocin nan ba su taɓa jin gaskiya daga bakinsa ba. In zai tsaya ya ce shi na Yesu ne, a gabansu yake so ya faɗa, in sun kore shi sun kore shi.

Sati guda ya riga ya tafi. Ƙafafunsa sun kumbura har silifas ba ya shiga, shayi ma cokali uku yake sha ya ture. Ta kira 'yarsu da ke aure a wani gari, ta gaya mata. 'Yar ta ce Baba bai gaji da ja musu abin kunya ba, ita ba ruwanta, ta kashe waya. Mai Wanki ta zauna a bakin gado da wayar a hannu, ta rasa inda za ta sa kanta.

Ranar Laraba ta yi ta maza ta bi layin. Cocin na nan yadda ta bar shi, sai fenti da aka sake. Ƙofar nan mai faɗi wadda ba ta da matakala ko ɗaya, keken guragu ke shiga kai tsaye. 'Yan unguwa cocin kowa da kowa suke kiransa, wasu da yabo wasu da ba'a. Ta tarar da Fasto a kan tsani yana canza ƙwan fitila. Sabon zuwa ne, bai san ta ba. Ya sauko yana goge hannu a wando, ya ce Mama ta zauna. Ta dubi bencin, ta kasa zama a kai, ta ce tsayuwar ma ta isa.

Da ta faɗi ko ita wace ce, sai ta ga fuskarsa ta canza. Ya san labarin, babu wanda zai yi wata guda a cocin bai ji shi ba. Ta zayyana masa komai. Bai katse ta ba. Da ta gama ya tambayi kwatancen gidan, washegari kuwa da hantsi ya zo, ya zauna a ɗakin nan mai warin magani awa biyu cur, su biyu kawai, ita tana tsakar gida tana wanke abin da ba ya buƙatar wanki.

Da ya fito ya ce mata shi kam ya gamsu, da shi kaɗai ne da yau zai cika ruwa. Amma a wurinsu fasto ba shi ne mai coci ba. Jama'a ke karɓar mutum, su za su ɗaga hannu, kuma ba za a taru ba sai Lahadi bayan sujada. Ya ce kafin nan zai je ya gaya wa Malama da bakinsa, don kada ta ji a tsakiyar taro.

"Fasto, in bai kai Lahadi ba fa?"

"In bai kai ba, Mama, Allah ya riga ya ji shi. Amma ba zan shigar da shi ta bayan gida ba. Shi ma ba haka ya roƙa ba."

Ranar Juma'a da safe Direba ya yi aman jini a cikin roba. Bayan nan ya yi kusan awa guda bai san inda yake ba, yana kiranta da sunan yaron motarsa na da, yana cewa a sa weji a taya. Hankalinta ya yi mummunan tashi. Ta bar shi da maƙwabciya, ba ta je aiki ba, ta nufi makarantar firamare inda Malama ke koyarwa, ta tsaya a bakin ƙofa cikin rana har aka kaɗa ƙararrawar tashi.

Malama ta fito rungume da littattafan yara. Ta yi furfura, ta rame, amma tafiyarta na nan a miƙe. Suna haɗa ido ta tsaya cak. Duk maganar da Mai Wanki ta shirya a hanya ta gudu, sai kawai ta ji gwiwoyinta a ƙasa, tana cewa ta yi wa Allah, ta yi wa Allah, mutuwa yake yi. Iyaye masu ɗaukar yara suka fara waiwaye.

"Tashi, yara na kallo," in ji Malama. "Fasto ya gaya mini."

Ta ratsa ta gefenta ta wuce. Mai Wanki ta miƙe tana kakkaɓe zane. A hanyar gida ta yi kukan da ba ta yi a asibiti ba.

Direba ya kai Lahadi. Ta shiga cocin bayan an fara waƙa, ta raɓe a bencin ƙarshe kusa da ƙofa. Wasu tsofaffin mawaƙa suka gane ta, ɗaya ta ɗaga mata hannu, ɗaya ta kau da kai. A gefen bagadi, can gaba inda Fasto ke tsayawa, wata mata na tsaye tana mayar da wa'azi da hannu saboda kurame, abin da babu shi a zamaninta. Ba ta ji ko kalma ɗaya ta wa'azin ba.

Bayan addu'ar rufewa Dattijo, babban dattawan cocin, ya ce cikakkun 'yan coci su zauna, akwai magana. Fasto ya faɗi buƙatar a taƙaice, bai ɓoye ko wane ne ba. Cocin ya ɗauki guna-guni. Wanda ya fara miƙewa ƙanin Kafinta ne, Mai Walda, ƙaton mutum mai tabon wuta a hannuwa. Ya ce shi ya ɗauko gawar yayansa daga kan titi, shi ya riƙe marayu uku har suka girma. Shekara huɗu da fitowar mutumin nan, ko sau ɗaya bai zo ya ce a yi haƙuri ba, sai yanzu da kabari ya buɗe masa baki. Ya ce ga coci nan birjik a gari, a je can. Mutane da dama suka gyaɗa kai, Mai Wanki kuma ba ta ga laifinsu ba.

Wasu suka yi magana, wannan ya ja nan wancan ya ja can. Sannan aka taimaka wa wata tsohuwa da ake kira Kaka ta miƙe. Ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka kafa cocin, hannayenta dungu ne, babu yatsu. Ta ce yaran yanzu sun san labarin a takarda, ita kuwa a jikinta yake. Su goma sha huɗu ne aka sallama daga asibitin kutare, an ce sun warke. Duk cocin da suka je sai a ajiye musu benci a waje ƙarƙashin taga, ranar jibin Ubangiji, da ake raba gurasa da abin sha, a zuba musu nasu a wani gwangwani daban. Da suka gaji suka fara taruwa a wata rumfar kwano a wannan fili. Ranar da suka aza tubalin farko suka yi wa Allah alkawari cewa duk wanda ya zo ƙofar nan yana neman Yesu ba za a ajiye masa benci a waje ba. Ta ce makafi sun zo, matan da gari ke nunawa da baki sun zo, baƙi marasa jin yaren kowa sun zo, ba a taɓa cewa ga wanda alkawarin bai shafa ba.

Mai Walda bai ko tashi ba, daga zaune ya amsa.

"Kaka, ku cuta ce ta same ku. Ba ku kashe kowa ba."

Kaka ta koma ta zauna.   Mai Wanki ta fara laluben jakarta, tana tunanin abin da za ta je ta gaya wa mutumin da ke kwance yana jiranta.

Sai Malama ta miƙe daga benci na uku. Ba ta juyo ba, bagadi take kallo.

"Kada kowa ya ɗaga hannu don yana zaton na yafe. Ban yafe ba. Shekara goma sha ɗaya ina roƙon Allah ya ba ni ikon yi, bai ba ni ba tukuna. In muna addu'ar Ubangiji muka zo wurin yafe wa waɗanda suka yi mana laifi, shiru nake yi, na kusa da ni sun sani. Amma ruwan nan ba nawa ba ne. Ni ma shigar da ni aka yi. Ba zan ɗaga hannu a hana shi ba, kada kuma wani ya hana shi da sunana. Ranar da za a yi, kada a neme ni."

Ta zauna. Dattijo ya jira ko akwai mai ƙari, babu. Ya ce masu amincewa su ɗaga hannu. Hannuwa suka fara tashi ɗaya-ɗaya, wasu da sauri, wasu kamar ana jan su, har da dungun Kaka. Da ya ce masu ƙi su ɗaga, su tara ne. Hannuwan Malama na kan cinyarta duka sau biyun. Mai Walda ya tashi, ya yafito matarsa da 'ya'yansa, suka fice ta gefen Mai Wanki ba tare da ya dube ta ba.

Fasto ya ce za a yi Lahadi mai zuwa. Mai Wanki ta ji bakinta ya buɗe da kansa, a karo na farko cikin shekara goma sha ɗaya ta yi magana a cocin, ta ce don Allah ba zai kai ba. Aka sa Talata da ƙarfe goma na safe.

Ranar Talata Direba ya tashi ba a hayyacinsa ba. Idonsa a buɗe amma bai san ta ba, sai surutai yake a kan lodin yashi. Ta sa masa farar riga a haka, tana yi tana kiransa, tana roƙon Allah ya ara mata shi ko na minti biyar. Wani ɗan coci ya kawo mota, aka ɗora shi a kujerar roba, maza huɗu suka ɗauka, ɗaya daga cikinsu wani kurma ne ɗan dako. Mutum wajen talatin suka zo. Tun da safe matan zumunta ke dafa ruwa a manyan tukwane suna juyewa a ramin baftisma da ke bayan bagadi, don kada sanyi ya kama shi.

Aka ajiye kujerar a bakin ruwa. Fasto ya durƙusa ya tambaye shi ko ya san inda yake. Direba ya ce a gaya wa mai gini sawu biyu ya rage. Fasto ya dubi Mai Wanki. Ta san abin da kallon ke nufi, ba a yi wa mutum baftisma sai ya faɗa da bakinsa. Aka jira. Mawaƙa suka rera waƙa ɗaya a hankali, suka ƙara wata. Ruwan na hucewa. Ta durƙusa ta riƙe kumburarrun ƙafafunsa, ta ce masa ita dai ta yi iyakar abin da za ta iya, ta durƙusa a titi, ta shiga inda ta rantse ba za ta shiga ba, kada ya yi mata haka.

Ko maganarta ce, ko waƙar, ba ta sani ba. Ya ɗago kai a hankali, ya dubi rufin, ya dubi bencinan, ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya tambaya ko Malama na nan. Aka ce ba ta zo ba. Ya ce ta yi gaskiya.

Muryarsa ba ta fita sosai, sai da Fasto ya riƙa maimaitawa, mai fassara kuma tana mayarwa da hannu.

"Ni na kashe Kafinta. Ba birki ba ne, giya na sha. Na yi ƙarya a kotu. Tsoro ya hana ni zuwa da na fito. A gaya mata haka, a gaya wa ƙaninsa."

Fasto ya tambaye shi ko ya ba da gaskiya ga Yesu Almasihu, ya ce ya bayar. Mazan nan huɗu suka sauka da kujerar cikin ruwa har ƙirjinsu, Fasto ya tallafe masa ƙeya, suka kwantar da kujerar baya har ruwa ya rufe shi, suka ɗago. Ya fito yana haki, ruwa na zuba daga gemunsa. Mai Wanki ta lulluɓe shi da tawul biyu. 

Ya ƙara kwana tara, yawanci yana barci. 'Yarsu ta iso ana saura kwana biyu, ta zauna kusa da shi, ba su yi wata doguwar magana ba. Ya cika wata Alhamis da hantsi. Fasto ya binne shi, 'yan coci kusan ashirin suka raka.

Mai Walda bai dawo cocin ba, iyalai biyu ma sun bi shi. Dattijo ya kai masa saƙon Direba har shagonsa, ya saurara, ya sauke gilashin walda a fuska ya ci gaba da aiki. Duk da haka kowane wata Dattijo da Fasto sukan je, yakan turo musu benci su zauna, su yi hirar tsadar ƙarfe su tafi.

Mai Wanki ta koma zuwa sujada, tana zama a baya, ba ta koma cikin mawaƙa ba. Wata Lahadi, kusan wata biyu da rasuwar, ta makara, ta yi kiciɓis da Malama a bakin ƙofa, ita ma a makare. Babu hanyar kaucewa. Malama ta dube ta, ta gyara riƙon jakarta.

"Ya haƙuri?"

"Da godiya," in ji Mai Wanki.

Malama ta gyaɗa kai ta shige zuwa benci na uku. Mai Wanki ta shiga ta nemi wuri kusa da wata makauniya, wadda ta matsa mata ta tambaye ta lambar waƙar da ake rerawa.